Tallafi Ya Yanke: Wace Sana'a Ƙungiyarmu Za Ta Kama Ta Riƙe Kanta?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ce shugabar wata ƙungiya a Zariya da ke koya wa zawarawa da 'yan mata marayu ɗinki da haɗa sabulu. Muna da rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Shekara 6 wata ƙungiyar waje ce ke ɗauke da nauyinmu, sai a 2025 suka ce kuɗi ya ƙare. Mukan kashe kusan naira miliyan 1 da dubu 200 a wata. Abin da ya rage mana shi ne keken ɗinki 14, zauren taro mai cin mutum 80, rijiyar burtsatse mai sola, da naira miliyan 4 a banki. Kan kwamitin amintattu ya rabu uku: wasu sun ce mu buɗe gidan ruwan leda, wasu kiwon kaji, wasu kuma mu sayi Keke Napep mu ba direbobi. Shin doka ta yarda ƙungiyar agaji ta yi kasuwanci? Kuma wanne za mu kama mu huta da roƙo?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan hidima, ya kawo mafita.

In na fahimce ki da kyau, kina son sanin ko doka ta bari, sannan wace sana'a ce za ta cike gurbin naira miliyan 14 da dubu 400 da kuke kashewa a shekara. Ta farkon mai sauƙi ce: doka ta bari, da sharuɗɗa. Ta biyun kuwa amsarta ba za ta yi wa kwamitinku daɗi ba. A cikin ukun nan babu wadda za ta ciyar da ƙungiyar bana ko baɗi, kuma kowacce tana iya lamushe miliyan 4 ɗin kafin ta dawo da ko sisi. Abin da nake ganin ya fi muku shi ne ku fara sayar da abin da kuka riga kuka iya, ga mutanen da suka riga suka saba biyan kuɗinsa, da kayan aikin da ke hannunku. Ku sa ran zai ɗauke muku wani kaso na hidimar, ragowar kuma ku ci gaba da nemansa a wajen masu bayarwa ba tare da jin kunya ba.

Ba ku kaɗai abin ya shafa ba. A watan Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a ƙetare, zuwa tsakiyar shekarar an rufe hukumar USAID, ɗan abin da ya saura aka mayar da shi ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Birtaniya ma ta ce za ta rage nata. Ƙananan ƙungiyoyi irin taku, da galibi ta hannun manya kuɗi ke iso musu, su ne suka fi jin jiki. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, farashi bai zauna ba, har hauhawarsa ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Shi ya sa duk taron bitar da aka je yanzu waƙar ɗaya ce, wai ku nemi hanyar dogaro da kai. Masu faɗin haka suna mantawa ba a fafe gora ranar tafiya. Sana'a sai ta ci kuɗi kafin ta ba da kuɗi, kuma lokacin da ya fi dacewa a kafa ta shi ne sa'ad da tallafi ke shigowa. Wannan ya riga ya wuce, sai mu duba abin da ke hannu.

Waɗanda suka yi nasara, ta ina suka biyo?

Tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Da Sayyidina Umar ya sami gona a Khaibar, ya nemi shawarar Manzon Allah (SAW), aka ce masa in ya so ya riƙe asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Tushen waƙafi ke nan, wanda a Kano aka fi sani da hubusi, kuma jihohi irin su Zamfara da Sakkwato da Kano suna da hukumomin da ke kula da shi tare da zakka. Amma a lura da abu ɗaya: a waƙafi wani mai hali ne ya ba da kadarar kyauta. Ba a ɗebi kuɗin hidimar marayu na wata uku an je an gwada sa'a da shi ba.

A zamanin nan misalin da aka fi kawowa shi ne BRAC ta Bangaladash, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972. Mutane sukan ce BRAC tana da shaguna da kamfanin madara da banki, don haka mu ma mu buɗe wani abu. Ba sa tambayar dalilin buɗe su. Shagunan Aarong an fara su a 1978 saboda matan ƙauye da ke saƙa da kwalliyar tufafi suna kai kaya a ƙi biyansu sai bayan an sayar, BRAC ta ce bari ta saya ta biya nan take. Kamfanin madara ya zo a 1998 saboda matan da suka karɓi rance suka sayi shanu ba su da inda za su kai nonon da daraja. Kowace sana'a ta fito ne daga wani giɓi da suka gani a cikin aikinsu, da mutanen da suka sani ciki da bai. Haka asibitin ido na Aravind a Madurai ta ƙasar Indiya, wanda Dakta Venkataswamy ya fara da gado 11 a 1976. Masu hali suna biya, da kuɗinsu ake yi wa talakawa aiki kyauta ko da rangwame, likitocin ɗaya ne, aikin ɗaya ne. Aikin ido suka iya, shi suka sayar. A nan gida ma LAPO ƙungiyar agaji ce da ta daɗe tana ba mata ƙananan rance kafin ta koma bankin masu ƙaramin ƙarfi.

Waɗannan su ne ake ba da labarinsu. Waɗanda suka faɗi ba a shirya musu taro. A 2005 wasu masana biyu na cibiyar Bridgespan a Amurka, William Foster da Jeffrey Bradach, sun bi diddigin sana'o'in da ƙungiyoyin agaji suka kafa, suka tarar kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka tuntuɓa ba sa cin riba. Cikin masu cewa suna ci ma, da yawa ba su sa kuɗin haya da lokacin ma'aikata a lissafi ba. Wannan fa a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa.

Doka da haraji

Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, ita ke kula da ƙungiyoyi masu rajistar amintattu irin taku. Ba ta hana ku samun kuɗin shiga ba. Sharaɗinta shi ne duk abin da aka samu a kashe shi a kan manufofin da aka kafa ƙungiyar dominsu, ba a raba wa amintattu ko mambobi da sunan riba ko lada. Ana iya biyan ma'aikaci albashin da ya dace da aikinsa. Ki ɗauko kundin tsarin mulkinku ki karanta sashen manufofi. In akwai koyar da sana'a da samar wa mata abin yi, ɗinki da karɓar kuɗin horo sun shiga ciki ba tare da an wahala ba. Haya da Keke Napep kuwa sai an yi dogon bayani.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne haraji. Jama'a sun ɗauka da zarar an ce ƙungiyar agaji, shi ke nan ba ruwanta da haraji. Tsohuwar ƙa'ida a Nijeriya ita ce yafewar ta shafi gudummawa da tallafi, amma ribar da aka samu ta hanyar ciniki tana iya shiga haraji. Sauƙin da ake da shi shi ne tun dokar kuɗi ta 2019 an yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 suka fara aiki a Janairun 2026 kuma sun sake fasalin waɗannan iyakoki. Ni aikina tsara kuɗin ƙungiyoyi ne, a kan wannan gaɓa sai ku zauna da akantan da ya san sabuwar dokar. Ko ba za ku biya komai ba, cike takardun shekara wajibi ne, haka cire harajin albashin ma'aikata.

Ba sai kun yi rajistar kamfani tun yau ba. Matakin farko asusun banki daban da littafi daban, da sunan ƙungiya. In ciniki ya kankama, sai a yi rajistar kamfani wanda ƙungiyar ce ke da hannun jarinsa, domin in ya ci bashi kada a zo a kwashe kekunan koyarwa. Abin da nake roƙon ki da Allah kada ku yi shi ne rajistar sunan kasuwanci da sunan mutum ɗaya don ya fi arha da sauri. Na ga inda aka yi haka da sunan shugaba, mutumin kirki wanda bai taɓa cin ƙwandala ba. Da Allah ya yi masa rasuwa, shagon da injinan suka faɗa cikin gado, magada suka nuna takarda, kuma takardar tasu ce.

Sannan ki binciko yarjejeniyarku da waɗanda suka ɗauki nauyinku. In da kuɗinsu aka sayi kekunan ko aka haƙa rijiyar, galibi akwai sakin layi a kan makomar kayan bayan aiki ya ƙare. Ki nemi su rubuto cewa sun mallaka muku. Wasiƙa ɗaya ce, kuma yanzu da ofishinsu bai watse ba ya fi sauƙin samu.

Shawarwari ukun kwamitinku

Ruwan leda yana ruɗar mutane saboda ana ganin ruwan kyauta ne daga ƙasa. Ruwan shi ne mafi arha a cikin harkar. Akwai injin tacewa da na ɗaurewa, da ginin da hukumar NAFDAC za ta duba ta amince kafin ta ba da lamba, da ledar da farashinta ke bin dala, da janareto, da motar rabo da direbanta da yaranta. Ribar jaka ɗaya 'yar kaɗan ce, sai an fitar da ɗaruruwa kullum ake ganin ta, ga kuma gidajen ruwa a kowace unguwa waɗanda masu su ke kwana a bakin inji. Miliyan 4 ba za ta kai ku ranar da za a fitar da jakar farko ba.

Kiwon kaji kuwa, abinci kaɗai yakan ci kusan kashi biyu cikin uku na abin da ake kashewa, farashinsa kuma yana hannun masara da waken soya. Kaza ba ta san ranar hutu ba. Zafin Maris da Afrilu yana kashe su, ciwo yana share keji cikin kwanaki, kuma a jihar Kadunan nan aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka a 2006. Masu cin riba a kaji su ne masu zagaya keji da asuba da kansu. In akwai irin wannan mutum a cikinku, wanda ya yi kiwon da kuɗinsa ya san ɗacinsa, ana iya gwada 'yan kaɗan na nama a auna fitowarsu da Sallah ko Kirsimeti. In babu, a bar shi.

Keke Napep shi ya fi sauƙin farawa, shi ya kuma fi saurin ɓata zumunci. Kuɗinku da ƙyar ya wuce guda ɗaya sabo. Balas ɗin da direba zai kawo kullum ba zai biya albashin malama biyu ba, kafin a cire gyara, da ranar da jami'an hanya suka kama, da ranar da ya ce ba kasuwa. Direban kuma kusan kullum ɗan wani ne a kwamiti, ba mai iya karɓe makulli.

Ki lura duka ukun ba abin da ya haɗa su da zawarawan da kuke wa aiki, kuma ba ku fi kowa iya su ba. Duk sana'ar da za ku shiga, ku tambayi kanku me kuke da shi da ɗan kasuwar da ke layinku ba shi da shi. Ku kuna da mata da suka iya ɗinki, da kekuna, da wuri, da suna mai kyau a gari.

Abin da za ku iya sayarwa

Kafin in faɗi wanda nake so, bari in cire sabulu. Sabulun ruwa da man shafawa an koya wa mata har sun yi wa kasuwa yawa, kowace bita shi ake koyarwa saboda ba ya cin lokaci kuma yana kyau a hoto. Sai dai in akwai asibiti ko otal ko makarantar kwana da za ta riƙa ɗaukar jarkoki duk wata, in ba haka ba ku bar shi a matsayin abin da matan ke yi a gida.

Wanda na fi gani shi ne ɗinkin yunifom da hijabai na makarantu masu zaman kansu da Islamiyoyi, har da zannuwan gado da rigunan aiki na asibitoci. Dalilina, mai saye ɗaya ne yake ɗaukar ɗaruruwa, lokacinsa sananne ne, kuma salon ɗinkin ba ya canzawa, don haka mai matsakaicin hannu ma za ta iya. Zariya kuma garin makarantu ne. Amma mu yi lissafi, da alƙaluman misali da za ki musanya da na gaskiya in kin zagaya kasuwa. A ce ana sayen saiti ɗaya naira 9,000. Yadi da zare da maɓalli da bajo sun ci 5,500. Ladan mai ɗinki 1,500. Guga da sufuri da leda 500. Saura 1,500. Makaranta mai yara 300 ta bar muku 450,000 ke nan. In kun yi dace da makarantu biyar, saiti 1,500, kun sami miliyan 2 da dubu 250. Yanzu ki cire albashin mai kula da aikin, ko da mafi ƙarancin albashi ne na naira 70,000, a shekara ya kama 840,000. Saura miliyan 1 da dubu 410, ba a taɓa gyaran keke ba, ba a taɓa kayan da aka ɓata a yanka ba. Wato kusan kashi 10 cikin 100 na abin da kuke kashewa a shekara.

Na san za a ce wahalar ta fi ribar. Amma ki sake duba layin ladan ɗinki: miliyan 2 da dubu 250 sun shiga hannun matan da don su aka kafa ƙungiyar. Wannan shi ne ainihin aikinku, an yi shi ba da kuɗin kowa ba. Sana'ar ƙungiya riba biyu gare ta, ta aljihun ƙungiya da ta mutanen da take wa hidima, kuma wajibi ne kwamiti ya faɗa tun farko wacce yake nema a kowace harka. Rigimar da na fi gani a ƙungiyoyi daga nan take tasowa: ma'aji yana ƙirga abin da ya shigo asusu, shugaba tana ƙirga matan da suka sami abin yi, kowa yana ganin ɗayan bai san abin da yake yi ba.

Lissafin ya nuna wani abu kuma. Kayan saiti 1,500 sun kai naira miliyan 8 da dubu 250, ninki biyu na abin da ke bankinku. Don haka ba a yanka yadi sai makaranta ta ba da rabin kuɗi, a rubuce, sauran kuma ranar da aka kai kaya. Mai makaranta zai ce ku bari iyaye su biya tukuna. In kun yarda, kun zama bankinsa ba tare da kuɗin ruwa ba. Ku fara da makaranta ɗaya ko biyu, ku sayo yadi a dila daga Kantin Kwari maimakon yadi-yadi a gari, ku sami tela ƙwararre ɗaya ya riƙa yanka, matan su haɗa. Kuma a duba kowace riga kafin ta fita. Tausayi yana sa a saya sau ɗaya, amma uwar da wandon ɗanta ya ɓarke a makon farko ba ruwanta da cewa marainiya ce ta ɗinka.

Na biyu shi ne koyarwar kanta. Akwai iyaye masu hali da ke biyan teloli kuɗi masu kauri don 'ya'yansu mata su koyi ɗinki bayan sakandare ko kafin aure, kuma za su fi natsuwa da wurin da mata zalla ne. Ku buɗe aji na masu biya, kuɗin ɗaliba biyu ko uku ya ɗauki marainiya ɗaya, dabarar Aravind ke nan a ƙaramin sikeli. Haɗarinsa sananne ne: a hankali masu biya za su karɓe kekuna masu kyau da lokacin safe da malamar da ta fi iyawa, marayu a koma ba su ragowa. Ku rubuta tun yanzu yawan gurabun da ba a taɓawa.

Zauren taro shi ne kuɗi mafi sauƙi, don ba ya bukatar jari sai fenti da fanka da banɗaki mai tsabta. Ƙungiyoyi da ma'aikatu suna biyan kuɗin wurin bita, ana walima, ana darasin yamma. In matanku za su yi girkin taron, an ƙara wata ƙofa. Rijiyar kuwa a taka a hankali. In unguwa ta saba ɗiba kyauta, ko wanda ya haƙa ya yi ta ne sadaka mai gudana, ranar da kuka sa farashi za ku sayar da mutuncin shekara 6 a kan kuɗin jarka. Ana iya karɓar wani abu daga 'yan ga-ruwa masu kura, tun da su sayarwa za su yi, a ajiye shi don gyaran famfo, bayan an zauna da mai unguwa.

Wa zai riƙe?

Nan ne mafi yawan sana'o'in ƙungiyoyi ke mutuwa, ko da lissafin ya yi kyau. Dukiyar ƙungiya kowa yana ganin yana da haƙƙi a ciki, ba wanda yake jin zafin asararta. Ɗan kwamiti zai aiko a ɗinka wa iyalinsa kayan Sallah a rubuta. Wani zai ari zaure don sunan jikarsa. Ma'aikacin da aka saba biyansa ƙarshen wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ba zai bi mai makaranta har gida neman cikon kuɗi ba. Maganinsa a damƙa harkar ga mutum ɗaya da ya taɓa saye da sayarwa da kuɗinsa, a ba shi albashi daidai gwargwado da kaso a cikin riba, ya riƙa kawo lissafi duk wata. Sau da yawa mutumin yana cikin matan da kuka yaye, wata mai kaifin kai da ta riga ta buɗe shagonta. Kwamiti kuma ya zartar a rubuce cewa ba bashi ga amintattu da danginsu, ke ma har da ke, don mai riƙon ta sami abin fakewa in an matsa mata.

A rubuta duk abin da sana'ar ta ci daga ƙungiya. Na taɓa duba littafin wata ƙungiya mai gidan burodi, suna ta murnar riba duk wata. Da muka sa man motar ofis da ke rabon burodin, da rabin albashin direba, da dizal, da lokacin akanta, sai ga shi kuɗin tallafi ne ke ciyar da gidan burodin, su kuma suna zaton shi ke ciyar da su.

Sai farashi. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, wanda ya kawo asusun magani mai juyawa: a sayar da magani, a sake sayo wani da kuɗin. Da yawa daga cikin asusun nan sun ƙafe, saboda ana yafe wa wannan, ana ba wancan bashi, ana kuma sayarwa a kan farashin da aka sayo alhali kaya sun tashi. Duk 'yar kasuwa ta san da farashin sarin gobe ake sayar da kayan yau. Ƙungiyoyi ne ke jin nauyin yin haka. In za ku yi wa wani rangwame, ku yi, amma a rubuta shi a matsayin sadaka daga asusun ƙungiya, a biya sana'ar cikon.

Miliyan huɗun

Kuɗin nan hidimar wata uku ne da 'yan kwanaki. Ni ba zan sa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a gwaji ba, kuma kafin a fara kwamiti ya rubuta iyaka: in an kai wata kaza ba a mayar da kuɗin kaya da lada ba, a tsaya. Ba a taɓa kuɗin da wani ya bayar don wata hidima ta musamman. Kuɗin zakka kuwa yana da masu shi da Alƙur'ani ya lissafa a Suratut Tauba, juya shi a kasuwanci magana ce ta malamai, a tambaye su kafin a yi.

Jarin da ya fi dacewa da ku na gida ne. Attajirin da ya gaji da a zo masa da takardar neman taimako duk wata yakan saurara in aka ce ya sayi injin ɗinki na masana'anta guda biyu, ko ya yi waƙafin shago ɗaya hayarsa ta riƙa shigowa, musamman in an nuna masa takardar oda daga makaranta. Matan da kuka yaye kuma ku haɗa su a asusun adashi mai ba da rance irin na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991 ya bazu a Afirka, don kowacce ta mallaki kekenta, in oda ta yi yawa ku raba musu aiki a gida.

Ban ga littattafanku ba, daga wasiƙarki kawai nake magana, kuma wanda ke zaune a Zariya ya fi ni sanin wace makaranta ke biya wace ke ja. Amma a abin da na gani, ƙungiya irin taku in ta dage shekara biyu zuwa uku, ɗinki da aji da zaure suka ɗauke mata kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na hidimarta, ta yi ƙoƙari ƙwarai. Koyar da marainiyar da ba ta da ko kuɗin mota ba zai taɓa biyan kansa ba, dole wani ya ɗauka, don haka a rage kashe-kashen wata tun yanzu, a kuma ci gaba da rubuta takardun neman tallafi. Masu bayarwa ma sun fi sakin hannu ga wanda ya nuna yana samar da wani abu da kansa.

Makarantu suna yanke shawarar yunifom ne a dogon hutu, kafin komawar Satumba. Ku ɗinka samfuri uku masu kyau da girma daban-daban, ki ɗauki malamar ɗinkinku ku zagaya makarantu goma, ku tambayi nawa suke saye yanzu, wa ke musu, me ke ba su haushi da shi. In biyu sun ce a kawo farashi a rubuce, sai a kira taron kwamiti.